Salsalar Faifan Garmaho

A ɗakin baƙi na gidanmu na Kaduna akwai wata doguwar rediyo ta katako mai haɗe da garmaho, wadda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya saya tun kafin a haife ni. A ɓangarenta na dama yake jera faya-fayansa a tsaye, kowanne cikin kwalinsa: na Shata da na Ɗan Maraya, na mawaƙan Indiya, sai kuma 'yan kaɗan na Turawa waɗanda ma'aikatan zamaninsa suke ji da su. A cikin na Turawan, wanda ya fi zauna mini a rai shi ne Arrival na ƙungiyar ABBA ta ƙasar Suwidin, wanda ya fito a 1976, saboda hoton bangonsa da ke nuna mawaƙan huɗu, maza biyu da mata biyu, zaune cikin jirgi mai saukar ungulu. Ba a barin yaro ya taɓa allura. Iyakarmu mu zauna a kan darduma mu zuba wa faifan ido yana juyawa, Baba kuma yana tsaye da ƙyallen da yake share ƙura kafin ya sauke hannun garmahon a hankali.

Bayan rasuwarsa aka kwashe kayan ɗakin zuwa sito, aka jibge faya-fayan a kwance, aka ɗora musu akwatuna a ƙarƙashin rufin kwano, suka sha zafin bazara shekara da shekaru. Ranar da na je dubawa na tarar yawancinsu sun lanƙwashe, wasu sun manne da takardar cikin kwali, guda bakwai ne kawai allura za ta iya bi daga farko zuwa ƙarshe. Arrival yana cikin bakwai ɗin, sai dai ya sha ƙarzuwa har muryoyin matan biyu suna fita kamar ana ruwan sama a kan kwano. Wannan asara ce ta sa na fara sayen faifai, kuma tun farko ban yi niyyar tara kayan tarihi masu tsada ba. Burina shi ne in sake jin waɗannan waƙoƙi a kan faifai mai lafiya, shi ya sa na karkata ga sababbin bugu, wato tsofaffin kundayen waƙoƙi waɗanda kamfanoni suke komawa ga tef ɗinsu na asali, su tace sautin, su sake buga su.

Na fara ne a 2014, lokacin ina karatu a Manchesta, kuma na yi dace, domin a shekarun ne kasuwar faifai take farfaɗowa bayan da faifan CD, wanda ya shigo a 1982, ya kusa binne ta. Tun 2008 shagunan faifai masu zaman kansu suke ware rana guda a watan Afrilu don bikin sana'arsu, kuma ciniki ya ci gaba da haɓaka har a 2022 aka sayar da faifan garmaho kimanin miliyan 41 a Amurka, na CD kuma miliyan 33, karo na farko tun 1987 da tsohon ya wuce sabon a yawa. Kaso mai tsoka na wannan ciniki tsofaffin waƙoƙi ne, shi ya sa Rumours na Fleetwood Mac da Thriller na Michael Jackson da Abbey Road na Beatles suke yawan fitowa a jerin waɗanda suka fi kasuwa, shekaru da dama bayan fitowarsu ta farko. Kasuwa idan ta cika haka, mai kayan kirki da mai kayan bogi rumfa ɗaya suke kasa hajarsu.

Faifan farko da na saya da kuɗina na wani mawaƙin Amurka ne na ƙarshen shekarun 1950. An naɗe shi cikin leda mai ƙyalli, an manna masa 'yar takarda mai ruwan zinariya da ke shelar cewa an sabunta sautinsa, kuma nauyinsa giram 180. Na ɗaga shi na ji nauyi a hannu, zuciyata ta kwanta. Da na kai ɗaki na ɗora allura, babu ƙaraf-ƙaraf ko kaɗan, amma kiɗan ya fito a daskare, muryar tana can nesa, ganga kuma ba ta da ciki. Washegari na kai shi wani ɗan shagon tsofaffin faya-fayai da nake yawan leƙawa. Mai shagon, wani dattijo mai farin gashi da ya kwashe rayuwarsa a cikin sana'ar, ya zare faifan, ya karkata shi a ƙarƙashin fitilar teburinsa, ya nuna mini filin nan mai santsi da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya, ya ce in karanta. Ban ga komai ba sai wata lamba da inji ya buga. Ya juya kwalin ya sa na duba bayansa, babu sunan kamfanin da ya mallaki tef ɗin, babu sunan wanda ya yanka faifan. Sannan ya bayyana mini cewa a dokar Turai, sautin da aka fitar kafin 1963 ya riga ya fita daga haƙƙin mallaka, don haka duk wanda ya ga dama zai iya ɗaukar CD ya kwafe, ya buga a kan roba mai nauyi ya kawo kasuwa. Doka ba ta hana shi ba, amma abin da na saya CD ne da aka sanya wa rigar faifai.

Tun daga ranar nake kallon kowane faifai kamar yadda malaman zaure suke kallon littafin da aka kwafa da hannu, su tambayi daga wane kwafi aka ɗauko shi, wa ya rubuta, kuma hannu nawa ya bi kafin ya iso gare su. Faifai yana da salsala, kuma masu sana'ar da kansu da sunayen dangi suke kiran matakanta. Da farko akwai uwar tef, wadda a kanta aka kammala haɗa waƙoƙin a situdiyo. Injiniya zai kunna ta, sautin ya bi ta cikin injin yanka, inda wani ɗan tsinin yaƙutu mai zafi yake tsaga siririyar hanya guda ɗaya a kan farantin alminiyam mai shafe da fenti mai laushi, tun daga baki har kusa da tsakiya. Wannan faranti ba ya jure wahala, don haka ake fesa masa azurfa, a tsoma shi cikin ruwan sinadari mai lantarki har ƙarfen nikel ya taru a kansa. Ƙarfen farko da aka ɓamɓaro shi ake kira uba, daga uba a fitar da uwa, daga uwa a fitar da hatimai, waɗanda ake ɗaurawa a injin matsa su danne curin roba mai zafi ya zama faifai. Hatimi ɗaya yakan gaji bayan ya buga dubu ɗaya ko abin da ya yi kusa da haka, sai a koma wurin uwa a ɗauko wani.

Duk wanda ya fahimci wannan jeri zai gane cewa nauyin roba shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya dame shi. Zurfin tsagar da allura take bi an riga an yanke shi tun a kan farantin farko, don haka faifai mai giram 180 da mai giram 130 da suka fito daga hatimi ɗaya magana ɗaya za su faɗa. Mai nauyin ya fi daɗin riƙo, yakan kuma fi zama daram a kan garmaho, iyakarsa ke nan. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Inda ake samun bambanci na gaske shi ne hannun mai yanka, domin faifai abu ne mai iyakoki, kuma gwaninta ita ce sanin yadda za a zauna lafiya da su. Fuska ɗaya ta babban faifai mai juyi 33 da sulusi a minti, irin wanda kamfanin Columbia ya ƙaddamar a 1948, tana ɗaukar abin da bai wuce minti ashirin da 'yan kai ba idan ana son sauti mai ƙarfi. Amo mai kauri, irin na babbar ganga, yana buƙatar fili mai faɗi, shi ya sa tun 1954 aka daidaita a kan ƙa'ida ɗaya ta rage shi a lokacin yanka, sannan amfilifaya ta mayar da shi a lokacin saurare. Akwai kuma matsalar tsakiya. A bakin faifai, robar tana wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, amma kusa da tsakiya gudun yana sauka zuwa kusan santimita 20, ga shi kuwa adadin kiɗan da za a cusa a kowace daƙiƙa bai ragu ba. Wannan ne ya sa siraran sautuka suke dusashewa a waƙar ƙarshe, kuma masu tsara kundi na da sukan ajiye waƙa mai sanyi a ƙarshen kowace fuska. Ko Thriller bai tsira daga wannan iyaka ba: a 1982, da mai shirya kundin, Quincy Jones, da injiniyansa Bruce Swedien suka saurari gwajin farko, sun tarar waƙoƙin sun yi wa faifan yawa har sautin ya raunana, dole suka koma suka datse wasu wurare suka sake haɗawa.

Masu sabon bugu suna da dabaru biyu da suke yawan amfani da su a kan waɗannan iyakoki. Ɗaya ita ce a raba kundi ɗaya zuwa faifai biyu masu juyi 45, yadda kowace waƙa za ta sami fili da gudu. Ɗayar ita ce yanka a rabin gudu, inda ake rage saurin sautin da na injin yanka duka biyu, tsinin ya sami lokacin zana siraran sautuka a natse. Miles Showell na situdiyon Abbey Road da ke Landan ya yi suna a wannan aiki, kuma shi ne ya yanka bugun Arrival na cika shekara arba'in a 2016, wanda ya haɗa dabarun biyu. Yana rubuta sunansa da hannu a filin nan mai santsi da dattijon ya nuna mini, kamar yadda Bernie Grundman yake sa BG, Kevin Gray yake sa KG, Bob Ludwig kuma yake sa RL a tsofaffin ayyukansa. Yanzu duk faifan da ya shigo hannuna, kafin in kalli hoton bango sai na karkata shi ga haske na nemi wannan sa hannu, sannan in duba lambobin a rumbun Discogs, inda masu tarawa daga ko'ina suke rubuta bayanin kowane bugu da masana'antar da ta matsa shi, ko Optimal ce ko Pallas a Jamus, ko RTI a Kalifoniya, ko GZ a ƙasar Cek.

Babu misalin da ya fi koya mini darajar salsala kamar na Beatles. A 2009 aka fitar da dukan kundayensu a CD bayan an sabunta sautin, a 2012 kuma aka buga su a faifai na sitiriyo daga waɗannan kwafe-kwafen dijital. Aiki ne mai tsabta, ba na kushe shi. Amma a 2014 aka fitar da na mono, waɗanda Sean Magee da Steve Berkowitz suka yanka kai tsaye daga tef, babu kwamfuta a tsakani, suna bin bayanan da injiniyoyin shekarun 1960 suka bari a rubuce, suna kuma gwada aikinsu da bugun farko. Mono na nufin sauti ɗaya ne yake fita ta kowace lasifika, wanda bai sani ba sai ya ɗauka koma-baya ne. Sai dai a mafi yawan waɗannan shekaru, haɗin mono shi ne wanda mawaƙan suke zama a kansa a situdiyo, domin shi ne abin da matasa za su ji a rediyo da ƙananan garmaho, na sitiriyo kuwa sau da yawa bayan sun tafi ake yin sa cikin hanzari. Ranar da na ɗora Revolver na mono, na ji ganga da jita da murya sun dunƙule wuri ɗaya suna tahowa kamar mutum ɗaya, abin da ban taɓa samu ba a sitiriyon da ya jefa murya gefe guda, kayan kiɗa gefe guda.

A nan ya kamata a bambanta abubuwa biyu da 'yan kasuwa suke son cakuɗawa. Sabunta sauti shi ne a ɗauki haɗin da aka riga aka gama a gyara fitarsa, kamar wanda ya wanke tsohuwar riga ya goge ta. Sake haɗawa kuwa shi ne a koma ga kowace murya da kowane kayan kiɗa daban-daban a sake jera su, wanda ya yi daidai da warware ɗinkin rigar a sake ɗinka ta. Irin na biyun ne Giles Martin, ɗan George Martin wanda ya yi aikin asali, ya yi wa kundayen Beatles, wato Sgt. Pepper a 2017 da Abbey Road a 2019 da Revolver a 2022. Ina sauraron waɗannan da sha'awa, kuma sun fito da abubuwan da suka daɗe a binne, amma a kantata ba na jera su a gurbin na asali. Gefensu nake ajiye su, domin sharhi ne a kan littafi, kuma sharhi komai kyansa ba ya zama matani.

Mai karatu zai iya tambaya, tun da yanka daga tef ya fi kusa da asali, me ya hana a riƙa yin haka kullum? Amsar ita ce tef ma yana tsufa. Yawancin waɗanda aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa na 1980 suna da wani ciwo: gam ɗin da ke riƙe da garin ƙarfen da sautin yake ciki yana shan laima ya yi danƙo, idan aka kunna tef ɗin a haka sai ya riƙa barin jikinsa a kan inji. Maganinsa shi ne a gasa shi a tanda ta musamman da zafi kaɗan, wajen digiri 50 zuwa 55, na tsawon sa'o'i, ya samu lafiyar 'yan kwanaki a kwafe shi. Kowane kunnawa yana cin wani abu daga jikinsa. Wasu tef ɗin ma babu su gaba ɗaya, domin a ranar 1 ga Yuni 2008 gobara ta cinye wani rumbun ajiya a harabar Universal da ke Kalifoniya, kuma binciken da jaridar New York Times ta buga a 2019 ya ƙiyasta cewa abin da ya ƙone ya haura tef 100,000, ko da yake kamfanin ya musanta girman asarar. Mai dukiya irin wannan yana da hujja idan ya ƙi bari a yi ta jan ta a kan inji.

Wannan ne ya kai ga rikicin da ya girgiza masu tara faifai a 2022. Kamfanin Mobile Fidelity, wanda ake kira MoFi, ya shafe shekaru ana ɗaukar faya-fayansa a matsayin zakaran gwajin dafi na yanka daga tef zalla, musamman wani nau'i mai tsada da ake tsallake matakin uwa, ƙarfen farko da aka ɓamɓaro daga farantin yanka ya zama shi ne hatimin da ake bugawa da shi. Da kamfanin ya sanar da cewa zai buga Thriller guda 40,000 ta wannan hanya, sai masu tarawa suka yi lissafi: idan kowane hatimi yana buƙatar sabon yanka, to sau nawa za a kunna uwar tef ta kundin da ya fi kowanne ciniki a tarihi, kuma wane mai haƙƙi ne zai yarda da haka? A watan Yuli, Mike Esposito, mai shagon faifai a birnin Phoenix, ya fito da zargin a fili, sannan ya je har wurin aikin kamfanin a Kalifoniya, inda injiniyoyin suka tabbatar masa a gaban kyamara cewa sun daɗe suna kwafe tef zuwa wani tsarin dijital mai inganci da ake kira DSD, daga nan suke yanka. Shugaban kamfanin ya nemi gafara, aka shigar da ƙara, aka kuma sasanta a 2023 a kan abin da aka ƙiyasta ya kai dala miliyan 25.

Ban mallaki ko ɗaya daga cikin waɗannan masu tsada ba, amma na bi labarin sau da ƙafa, domin ya taɓa abin da na yi imani da shi. In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu. Faya-fayan da aka gano suna da dijital a salsalarsu su ne waɗanda masu sharhi da suke alfahari da kunnuwansu suka yi shekaru suna yabo, suna kafa hujja da su cewa babu abin da ya kai tef zalla. Ashe aikin yana da kyau, kuma kunne bai iya kama matakin da aka ɓoye ba. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne kwafin dijital da gwani ya yi a natse daga uwar tef ba aibi ba ne, yana iya zama hanya mafi aminci ta kare tef mai shekara hamsin. Aibin shi ne a karɓi kuɗin mutum a kan wata salsala, alhali an san ba ita ba ce. Na daina raba faya-fayai zuwa na tef da na dijital, na koma raba su zuwa waɗanda suka faɗi asalinsu da waɗanda suka yi shiru.

Biyu daga cikin waɗanda na fi so a kantata suna cikin masu faɗin asalinsu, kuma dukansu suna da igiya da ta ɗaure su da Najeriya. Na farko shi ne Band on the Run, wanda Paul McCartney, tsohon ɗan Beatles, ya ɗauki mafi yawansa a 1973 a situdiyon EMI da ke Apapa a Legas, a kan inji mai layi takwas, tare da injiniya Geoff Emerick. Bugun cika shekara hamsin da ya fito a Fabrairun 2024 ya bayyana ƙarara cewa an yanka shi a rabin gudu daga kwafin dijital mai inganci na tef ɗin 1973. Na biyu shi ne akwatin This Far na mawaƙiya Sade, wadda aka haifa a Ibadan a 1959, wanda ya fito a 2020 ɗauke da kundayenta shida tun daga Diamond Life na 1984, shi ma da irin wannan bayani. Idan na ɗora ɗaya daga cikinsu na san abin da nake ji, na san hannun da ya bi, kuma muryar Sade tana fita da numfashinta da ɗuminta kamar tana cikin ɗakin.

Tun da na dawo gida, rabin aikin ya koma na kariya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, faifai kuma ba a ƙera shi don ƙurar hunturu da zafin Afrilu ba. Ina jera su a tsaye, a jikin bangon da rana ba ta bugu, nesa da taga, kuma ba na barin faifai a mota ko na minti goma. Ba na yarda a aiko mini da shi ta hanyar da zai kwana a sito, sai dai in jira mai zuwa ya riƙo mini a jakar hannu. A lokacin hunturu iska takan bushe har faifan ya riƙa jan ƙura da kansa yana tartsatsi idan an zare shi, don haka na sauya duk takardun ciki da masu shafin leda mai laushi, ina share kowace fuska da buroshi kafin allura ta sauka, lokaci-lokaci kuma in wanke da tataccen ruwa da ɗigon sinadarin barasa na goge-goge. Wannan sinadari ba ya kusantar tsofaffin faya-fayai masu juyi 78, domin da wani irin ƙaro aka yi su, narkar da su yake yi. Wutar lantarki ma tana da nata sharaɗin. Garmaho da yawa suna ɗaukar saurinsu ne daga bugun wutar, wanda a nan hamsin ne a daƙiƙa, a Amurka kuma sittin, shi ya sa wanda aka sayo daga can yakan yi jan ƙafa a nan, wanda kuma aka haɗa da janareto muryar mawaƙi takan yi ta hawa da sauka. Wannan ne ya sa na nemi tsohuwar Technics SL-1200 ƙira ta biyu, wadda take kulle saurinta da kanta, na kuma haɗa ta da batirin sola.

A hutun Babbar Sallah da ta wuce Baffa ya zo daga Zariya, ƙanen mahaifina, wanda tare suka yi samartaka suna sauraron waɗannan faya-fayai. Bayan la'asar na zaunar da shi tsakanin lasifika biyu, na fara ɗora masa tsohon Arrival na Baba, sannan na ɗora bugun 2016. Ya yi shiru har waƙa ta ƙare, ya ce akwai fiyano a ƙarƙashin muryoyin nan da bai taɓa sanin yana nan ba, kuma yanzu yana iya rarrabe muryar kowace daga cikin matan biyu. Sai ya ɗan jinkirta, ya ce, "Amma ɗana, a ɗakin Yaya waƙar nan ta fi haka sauri, muryoyin ma sun fi haka tashi."

Na ce, "Baffa, ku gafarce ni, saurin daidai yake, injin nan ba ya kuskure."

Ya ce bai musa ba, amma abin da kunnensa ya riƙe daban ne. A nan na fahimci cewa tsohuwar rediyon ce take ɗan wuce ƙa'ida wajen juyi, kamar yadda garmaho masu tayar roba suke yi, kuma duk shekarun nan gidanmu da wannan saurin ya san waƙar, har ni ma da shi na fara jin ta ina kan darduma. Wannan mataki ne na salsalar da babu wani injiniya a Landan da yake da labarinsa. A gefen dama na garmahona akwai madannin da ake turawa don ƙara sauri ko ragewa, wanda tun da na saye shi ban taɓa gusar da shi daga tsakiya ba. Na mayar da allura farkon waƙar, na riƙa tura madannin kaɗan-kaɗan ina kallon fuskarsa, har ya kai wajen kashi biyu cikin ɗari. Baffa ya ɗaga hannu ya ce in tsaya nan, ya jingina da kujera ya lumshe ido. Na ɗauko fensir na yi 'yar alama a wurin, sannan na zauna kusa da shi har fuskar faifan ta ƙare, na tashi na juya masa ta biyu.